Giyar Bayan Sabon Keke Ta Karye: A Mayar wa Mai Shago, a Sauya Ta, ko a Cire Ta Gaba Ɗaya?

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin mutane da yawa a Kano, keke ya dawo kan titi da ƙarfinsa. Ma'aikata na hawa zuwa Sharaɗa da Bompai, ɗalibai na bin titin Gwarzo zuwa sabuwar jami'ar Bayero, 'yan kasuwa na shiga Sabon Gari da Kwari a kansa. Sai dai kekunan da ake saya yanzu ba irin Rali da Phoenix na iyayenmu ba ne, masu giya ɗaya da duk mai gyaran gindin bishiya ya san cikinsu da bayansu. Na yanzu masu canji ne, faifai shida ko bakwai a baya, uku a gaba, kuma akwai wata ɓarna da ke yawan afka musu tun ledar jikinsu ba ta gama fita ba.

Mutum yana hawa gadar Ɗangi ko ta Ƙofar Nasarawa, ya ji feda ta yi nauyi, ya danna liba don ya koma giya mai sauƙi. Sai ya ji ƙaras-ƙaras sau biyu ko uku, sannan ɓas, ƙafar baya ta cije. In ya sauka ya duba, zai tarar da giyar baya, wato ƙarfen nan mai hannu da 'yan tayoyi biyu da ke rataye a ƙarƙashin faifan haƙora, ta murɗe ta koma sama, ta cusa kai cikin wayoyin ƙafa, kaca ta nannaɗe a jikinta. Keken ko wata bai yi ba.

Abu huɗu ne a gaban mai wannan keken: ya mayar wa wanda ya sayar masa, ya gyara ko ya sauya hangar da giyar ke rataye a jiki, ya sayi wata giyar, ko ya cire giyar baki ɗaya ya rage tsawon kaca. Kowanne yana da inda ya dace. Amma abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu kafin komai shi ne, sabuwar giya ba ta cika mutuwa don kanta ba. Wani abu ne ya tura ta cikin wayoyi, kuma in ba a gano shi ba, wadda za a ɗaura gobe hanyar da ta farko ta bi za ta bi.

A kekunan da suka ɗan yi daraja, giya ba a jikin firam take kai tsaye ba. Akwai ɗan guntun alminiyom da bai kai tsawon yatsa ba, an ɗaure shi da ƙananan kusoshi ɗaya ko biyu a inda aksil ɗin baya ke shiga, shi ne hanga. Da gangan aka yi shi da laushi, aikinsa irin na fis ne a wutar gida: in bugu ya zo, shi zai lanƙwashe ko ya karye, firam ya tsira. To sabon keke a kwali yake zuwa daga China ko Indiya, giyar baya tana ɗaure a jikinsa tun daga masana'anta. A jirgi an danne kwalin, a tirela daga Legas an danne shi, a sito an jibga wasu a kansa. Hangar na iya lanƙwashewa ciki kaɗan ba wanda ya lura. A shago kuma yaro zai sa feda, ya ɗaure kai da sirdi, ya sa ƙafar gaba, ya buga iska, shi ke nan a miƙa maka. Ko kuwa kai da kanka ka kwantar da shi a bayan adaidaita ta ɓangaren kaca, ramukan hanya suka ƙarasa aikin. Muddin kana yawo a ƙananan faifai ba za ka san komai ba. Ranar da ka hau babban faifai na kusa da wayoyi, hannun giyar zai taɓa waya, wayar ta kama shi, ƙarfin juyawar ƙafa ya fizge shi baya.

Sanadi na biyu da ya yi kusan kai wannan yawa shi ne 'yan kusoshin iyaka. A bayan kowace giya akwai ƙananan kusoshi biyu, an rubuta H kusa da ɗaya, L kusa da ɗaya. Ta H ce ke hana kaca faɗawa waje ta bayan ƙaramin faifai, ta L kuma ita ke hana giya wuce babban faifai ta shiga wayoyi. In ba a saita ta L ba, ko da hanga a miƙe take sarai, dannawa ɗaya mai ƙarfi ta isa. Sauran sanadan ba su kai waɗannan ba amma suna faruwa: kaca ta yi gajarta, aka haɗa babban faifan gaba da babban na baya ta ja giyar har ta tsinke, ko wata gaɓar kaca da ba a dasa fil ɗinta daidai ba ta maƙale a hannun giya, ko ledar fiya-wata da guntun waya irin waɗanda iska ke kwasowa bakin kwata su shige tsakanin 'yan tayoyin nan su toshe su.

Don haka kafin kowa ya sa sifana, a tsuguna a karanta raunin. In bayan giyar ta waje a goge yake, fenti ya kankare, keken ya faɗi ta wannan gefen ke nan, ko a hannunka ko kafin ya zo hannunka. In waje sumul yake amma cikin hannun giyar ya kakkarce, wayoyin ma sun ji rauni, giyar ce ta shiga wayoyi ba tare da faɗuwa ba, wannan kuwa laifin haɗi ne. A ɗauki hoto ta baya, ta gefe, da na kusa. A tattara duk guntun da ya faɗi a zuba a leda.

Mayar wa mai shago shi ne zaɓin da ya fi kowanne araha, kuma shi ne wanda ya fi saurin kuɓucewa. Da zarar mai gyaran unguwa ya kwance giyar ya buga ta da hamma, hujjarka ta tafi, amsar da za ka ji ita ce: "Ai an riga an taɓa shi." Saboda haka a tura keken yadda yake, ko a ɗora shi a adaidaita ɓangaren kaca yana sama, a tafi da rasit. Mu a nan ciniki da yawa na baki ne, kuma za ka iya jin cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Maganar nan ba ta da gindin zama, ko a doka ko a addini. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su cika ingancin da ya kamata ba cikin wata uku, a gyara, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Jihar Kano ma tana da tata hukumar ta kare masu sayen kaya. A fiƙihun da muke bi kuwa, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya riga ciniki, kuma ba a nuna masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Yawancin 'yan kasuwarmu sun san wannan, kuma sun fi jin nauyinsa a kan takardar hukuma.

Amma adalci ta kowane ɓangare ake yin sa. In kai ka yar da keken a ƙofar masallaci, ko yaro ya ture shi a soro ya faɗi ta gefen giya, aibin a hannunka ya faru, kuma ko garantin manyan kamfanoni ba ya ɗaukar ɓarnar faɗuwa. Kada a ɗora wa bawan Allah abin da ba nasa ba. Inda gaskiya ta rabu biyu, ba a san a ina hangar ta lanƙwashe ba, sulhu ya fi: shi ya ba da kayan, kai ka biya kuɗin aiki. Shiga da sallama da murya ƙasa ya fi shiga da faɗa. "Alhaji, barka da kasuwa. Keken nan da na ɗauka a wajenka ne, ga rasit. Dubi nan, babu alamar faɗuwa, giyar ce ta shiga waya. Yaya za mu yi?" Wanda aka yi wa magana haka a gaban maƙwabtansa na kasuwa, da wuya ya ce bai san zancen ba.

Akwai wani dalilin komawa shagon ko da ba za a ba ka komai kyauta ba. Hanga ba iri ɗaya ba ce, kala-kalarta sun kai ɗaruruwa, kusan kowane kamfani da siffar tasa. Kamfanin SRAM na Amurka ya fito da wata a 2019 da nufin a haɗu a kan guda ɗaya, amma a manyan kekuna masu tsada ake ganin ta, ba irin waɗanda suka cika kasuwarmu ba. Wanda ya shigo da kekenka shi ne ya fi kowa yiwuwar samun irin hangarsa, ko da daga jikin wani keken da ya lalace a kwali ne. Rauninsa ɗaya wannan zaɓin: jira. Ana iya ce maka ka dawo jibi, jibi ta zama mako biyu, kai kuwa da keken kake zuwa aiki. Kuma in yaron da ya haɗa shi da farko shi zai sake ɗaura sabuwar, ka tsaya a kansa.

Zaɓi na biyu ya dogara ga irin hangar da kekenka ke da ita, kuma iri uku ne. Akwai ta alminiyom mai cirewa da na ambata. Akwai wadda take haɗe da firam ɗin ƙarfe, jiki ɗaya. Akwai kuma kekuna masu araha da ba su da hanga sam, giyar ce ke zuwa da nata ƙugiyar ƙarfe da notin aksil ke dannewa. Wannan na ukun ya fi sauƙin sha'ani, don sabuwar giya mai ƙugiya ta zo da sabuwar hanga ke nan.

Ta ƙarfe mai haɗe da firam tana jure miƙewa, har sau biyu ko uku. Ta alminiyom ba haka take ba. In lanƙwasar kaɗan ce, a miƙe ta sau ɗaya a hankali. In ta lanƙwashe sosai, ko ka ga wani farin layi ko ɗan tsagu a inda ta tanƙwaru, ta gama aiki, ko ta miƙe a ido za ta ɓalle wata rana kana tsakiyar motoci a Kabuga. Yadda ake miƙewar ma abin lura ne. Abin da aka saba gani shi ne mai gyara ya kama giyar da hannu ya ja ta waje har sai ta yi masa daidai a ido. Wannan yana sassauta gaɓoɓin giyar, ya bar hangar a karkace. Daidai shi ne a kwance giyar da alanki mai lamba 5, a bar ƙafar baya a ɗaure, a miƙe hangar ita kaɗai. Akwai ma'auni na musamman da ake ɗaurawa a ramin hangar a gwada nisansa da gargare sama da ƙasa, gaba da baya. Inda babu shi, akwai dabara: zaren ramin hanga milimita 10 ne mai tazarar 1, wato milimita ɗaya tsakanin zare da zare, daidai da zaren aksil ɗin baya na kekuna masu sakin ƙafa da liba. Sai a samo irin wannan ƙafar a murɗa aksil ɗinta cikin ramin, a riƙa tanƙwarawa har ƙafafun biyu su tsaya daidai da juna ta ko'ina. A kula, aksil ɗin kekuna masu noti sau da yawa zarensa daban ne, in aka tilasta shi zai cinye zaren hangar.

In hangar ta karye kuma an rasa irinta, mutane kan nufi masu walda. Waldar hanga ta alminiyom ba ta riƙewa, kuma mafi muni shi ne a like giyar ko wani ƙarfe a jikin firam ɗin. Wannan neman gira ne da zai ja a rasa ido, don bugu na gaba firam ɗin zai tafi da shi. Abin da ya fi shi ne a kai guntayen tsohuwar wurin masu sassaƙa ƙarfe su yanko irinta daga farantin alminiyom mai kauri ɗaya. A gaya musu zaren 10 da tazarar 1 ne, domin kusoshin milimita 10 na yau da kullum tazararsu 1.5 ce, giya ba za ta ɗauru a ciki ba. Kuma duk ranar da ka samu hangar da ta dace da kekenka, sayi biyu.

Da an daidaita hanga, a dubi giyar kanta. Wani lokaci ta tsira, ba ta buƙatar komai. Tsaya ta bayan keke ka kalla: 'yan tayoyin biyu su kasance ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, a layi guda da faifan da kaca ke kai. In hannun ya murɗe, ko jikin giyar ya buɗe, ko sifirin ya daina mayar da ita, a nan ne sayen wata ya zama dole, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi.

Kaya iri uku za ka tarar. Akwai sabuwa marar suna ko mai sunan da aka kwaikwaya, ta falankin ƙarfe da aka buga aka haɗa da ribit. Akwai sabuwar Shimano ta gaske, mafi yawa Tourney, wadda ita ce matakin ƙasa a jerin kamfanin, sama da ita akwai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore. Akwai kuma ta hannu, wadda aka kwance daga kekunan Beljiyam.

Marar sunan ita ce mafi araha, ana samun ta ko'ina, kuma ba zan ce ba ta da amfani ba. Wanda liba ɗinsa ba mai ƙas-ƙas ba ce, irin wadda ake turawa a hankali har kaca ta zauna, zai iya tafiya da ita, don hannunsa ne ke gyara kuskurenta. Amma da liba mai ƙas-ƙas, tsarin da Shimano ya yaɗa tun 1984, kowace dannawa tana jan kebul gwargwado ƙayyadadde, giyar kuma dole ta matsa daidai tazarar faifai ɗaya. Gaɓoɓin mai arahar suna sakin jiki da wuri, ƙurar hunturu na shiga tana ci, bayan 'yan watanni sai ta riƙa rawa, kaca na tsalle tsakanin faifai biyu. Giya mai rawa kusa da wayoyi kuwa ita ce ainihin abin da muke gudu. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta lafiya.

Sabuwar Tourney ta gaske, kamar RD-TY300 da aka yi wa faifai 6 da 7, ita ce zan nuna wa mafi yawan mutane. Tana zuwa iri biyu, mai ɗaurawa a hanga da mai ƙugiya, sai a san wadda za a nema. Ba abin alfahari ba ce a wurin masu tsere, amma tana zama inda aka saita ta. Matsalar ita ce jabu. Kada rubutun ƙasar da aka ƙera ta ya ruɗe ka: Shimano kamfanin Japan ne da aka kafa a garin Sakai a 1921, amma yana da masana'antu a China da Malesiya da Singafo, don haka ganin China a jiki ba ya nufin jabu ce. Abin dubawa shi ne lambar samfuri mai farawa da RD da aka buga a jikin ƙarfen ta ciki, ba sitika ba, da tsabtar rubutun, da yadda gaɓoɓin ke motsi ba sako-sako. In farashinta ya yi kusa da na marar suna, ka san amsar.

Ta hannu ita ce mai riba da haɗari a lokaci guda. Tsohuwar Acera ko Deore da ta fito daga keken da bai sha wuya ba ta fi sabuwar Tourney ƙarfi, kuma sau da yawa ba ta kai ta tsada ba. Amma babu mayarwa, idonka ne garantinka. Riƙe ta sama da hannu ɗaya, ka kama ƙarshen hannun ta ƙasa ka girgiza hagu da dama. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in tana kaɗawa kamar za ta fita, ajiye ta. Tura ta ciki ka saki, ta dawo da ƙarfi ba tare da tsayawa a hanya ba. Dubi haƙoran 'yan tayoyin, in sun yi tsini sun cinye, ko da yake su ana sauya su. Dubi zaren kusar da ke shiga hanga, da ramin da kebul ke zama. Wanda bai saba ba ya tafi da mai gyaran da ya yarda da shi, ya biya shi ladan rakiya, ya fi masa.

Ko wacce za a saya, sai ta dace da keken ta fuska uku. Ta farko liba. Giyoyin Shimano na faifai 6, 7, 8 da 9 kusan dukkansu jan kebul ɗinsu ɗaya ne, shi ya sa giyar faifai 9 ke aiki lafiya da liba ta faifai 7, domin liba ce ke ƙirga giya, ba ita ba. Amma na kekunan hawan dutse masu faifai 10 zuwa sama, da sabon jerin CUES da ya fito a 2023, da mafi yawan na SRAM, jan su daban ne, ba za su saitu ba ko mai gyara ya kwana a kai. Ta biyu girman babban faifan baya. Firiwil, wato jerin faifan haƙoran baya, wanda aka fi gani shi ne mai haƙora 14 zuwa 28, akwai kuma mai 14 zuwa 34, wanda ƙaramar giyar keken tsere ba za ta iya hawa ba. Ta uku tsawon hannu. Lissafin ba wuya: a cire haƙoran ƙaramin faifan gaba daga na babba, a yi haka a baya, a haɗa. Keke mai 48, 38, 28 a gaba da 14 zuwa 28 a baya ya ba da 20 da 14, wato 34. Wannan sai giya mai dogon hannu. In aka sa mai gajeren hannu, ko kaca ta yi lako-lako a ƙananan faifai, ko ta ja giyar ta tsinke a manya.

A sa a lissafi cewa giya ba ta tafiya ita kaɗai. Kacar da ta nannaɗe takan murɗe a gaɓa ɗaya ko biyu, a ɗaga ta a kalle ta a tsaye, in akwai karkata a sauya. Wayoyin da kaca ta ci a kusa da hob, wato cibiyar ƙafar, za su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya nan gaba, gara a sauya su yanzu tunda an riga an kwance firiwil, a kuma daidaita gargaren. Kebul da rigarsa ma sukan tanƙware. Mutum ya tambayi kuɗin dukkan wannan a dunƙule kafin a fara, don kada ya ga giya da araha, aiki ya ninka ta.

Saura zaɓi na huɗu, wanda masu gyara da yawa za su fara kawo maka: "Maigida, a cire ta kawai a huta." Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Goron Dutse da gadojin sama, babu hawan da zai gagari giya ɗaya, kuma kakanninmu sun kai buhuna kasuwa a kan Rali ba tare da canji ba. Babu abin da zai shiga waya, babu kebul, leda ba ta da inda za ta maƙale, kayan gyara kuma suna kowane lungu. Ga mai ɗaukar kaya, ko wanda yara da yawa ke hawan kekensa suna yarwa, wannan zaɓi ne na hankali.

Sai dai ba kowane firam ne ke karɓar sa ba, kuma yadda aka fi yin sa ba daidai ba ne. Dubi ramin da aksil ɗin baya ke shiga. In dogo ne a kwance, ana iya ja da ƙafar baya a ɗaure kaca, to an dace. In gajere ne yana kallon ƙasa, kamar na yawancin firam ɗin alminiyom, babu yadda za a ja, kaca kuwa ba a rage ta sai gaɓa biyu-biyu, wato inci guda, don haka ko ta yi tsauri ko ta yi sako-sako. Irin wannan sai an sa abin ɗame kaca, shi ma a hanga yake ratayuwa, ka ga ba a tsere wa neman hanga ba. In kuwa keken mai sifirin ne a tsakiya, wanda bayansa ke lotsawa, kada a yi ko kusa, domin nisan feda da aksil yana canjawa duk lokacin da ya lotsa, zai tsinka kacar. Sannan faifan keke mai canji an sassaƙa haƙoransu ne don su saki kaca cikin sauƙi. In aka bar kaca a ɗaya daga cikinsu ba giya, rami ɗaya zai iya ɗaga ta ta hau faifan da ya fi girma, ta ɗame har ta lanƙwasa aksil. A matsayin dabarar kai keke gida, a ɗora ta a faifan tsakiya gaba da baya a tafi a hankali, babu laifi. A matsayin gyara na dindindin, sai an cire firiwil ɗin mai faifai da yawa an ɗaura mai faifai ɗaya, zarensu ɗaya ne a hob, sannan a gyara zaman aksil da na gargare don kaca ta miƙe sak. Faifan gaba mai 38 da na baya mai 16 ko 18 yana yi wa yawancin mutane daidai a ƙafa mai inci 26.

Abin da ke hana ni saurin yarda da wannan a kan sabon keke shi ne, ka biya kuɗin giya, kuma darajarsa za ta faɗi ranar da za ka sayar. Dattijo mai ciwon gwiwa, ko wanda ke tafiya mai nisa daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro yana fuskantar iskar hunturu da safe, zai ji rashin giyar a jikinsa kullum. Keken da bai yi wata uku ba ya cancanci a fara nema masa haƙƙinsa a shago, in hakan bai yiwu ba a sa masa hanga miƙaƙƙiya da giya ta gaske.

Ko a shago aka ɗaura ko a gindin bishiya, kada ka miƙa kuɗi sai an yi abu uku a gabanka. A gwada tsawon kaca: a zagaya ta a babban faifan gaba da babban na baya ba tare da ta bi ta cikin giya ba, inda ta haɗu a ƙara gaɓa biyu. A ɗaga ƙafar baya a bi giya ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka, kowace dannawa faifai ɗaya ba ƙara. Na ukun kai za ka yi da hannunka: a kai kaca babban faifan baya, wani yana juya feda a hankali, ka sa babban yatsa ka tura jikin giyar ciki wajen wayoyi da ƙarfi. In ta matsa har kaca ta nemi haurawa, a ƙara ɗaure kusar L a sake gwadawa, har sai ta tsaya cak. Farantin robar nan da ke tsakanin firiwil da wayoyi, wanda samari ke ɓallewa wai yana ɓata wa keke kyau, a bar shi a wurinsa, in babu a sa. Daga nan kuma in za a jingine keken ko a kwantar da shi a mota, ɓangaren kaca ya kalli sama.